Sanda ta Biyu

Unguwar Kanya,
ta hanyar Kafur.
14 ga Nuwamba, 1982.

Zuwa ga ƙanena Bature,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke a nan. Baba lafiya lau, sai dai gwiwar nan tasa da ka sani. Inna ta ce in gaishe ka, in kuma tambaye ka ko ana samun daddawa a Ingila. Mairo da yara suna gaisuwa. Mun fara cirar auduga, dawa kuma ta yi kyau, alhamdu lillahi.

Kayan da ka aiko ta hannun abokinka na Funtua sun iso. Rigar sanyin Inna ta yi mata daidai. Ni ma na gode da alƙalami, ko da yake ban san abin da zan rubuta a gonar auduga ba. Sai babban kayan, wato akwatin wasan da ka ce na Baba ne, wanda ake haɗawa da talbijin ɗin da ka saya masa kafin ka tafi.

Ko ka manta, ko Ingila ce ta mantar da kai, ba mu da wutar lantarki. Sai da na ɗora akwatin da talbijin a keke har Malumfashi, wurin Ikechukwu mai gyaran rediyo. Ya sha fama kafin ya sa shi ya ci batirin mota. Yanzu duk ranar kasuwa ni ne jakin batir, in kai caji, in dawo da shi.

Kaset biyu ka sako. Na tseren mota yara sun mallake shi. Na ƙwallo shi ne ya jawo wannan takarda. Ka san shi: tsinke ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ɗigon fari yana kai da kawowa tsakaninsu. Ikechukwu ya nuna min maɓallin da ake turawa in mutum biyu za su yi, da inda ake mayar da shi in mutum ɗaya ne zai kara da injin. Da muka kafa shi a zaure na ba Baba sanda ɗaya, wato ɗan mariƙin da ake juya tsinken da shi, na riƙe ta biyu. Ko kallona bai yi ba, ya ce, "Ajiye." Ban ga laifinsa ba. Ni ɗan fari ne, tun da nake bai taɓa kiran sunana ba, balle ya zauna tabarma ɗaya da ni ana wasa. Na ajiye, na mayar da maɓallin na mutum ɗaya.

Da ya ga tsinken hagu yana motsi shi kaɗai, sai ya ce, "Wa ke riƙe da wancan?" Na ce babu kowa, injin ne. Ya yi dariya ya ce, "Ka taɓa ganin garma tana huɗa babu shanu?" Sai ya tuna ranar da aka kai shi Funtua kuka yi magana ta wayar tarho. Ya ce, "Wanda ya turo murya ta cikin waya, hannu ne zai gagare shi? Auta ne."

Tun daga ranar, in an idar da la'asar sai ya ce, "Kai, kunna, kada Auta ya yi ta jira." Ni ne "kai". Kai kuma kana da suna har biyu.

Ka rubuto masa gaskiya da hannunka, don ni in na faɗa cewa yake hassada ce.

Yayanka,
Labo.


Manchesta, Ingila.
9 ga Disamba, 1982.

Yaya Labo,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya, sai sanyin da ke shiga har ƙashi. Ka gaya wa Inna babu daddawa, kuma duk wanda ya zo da ita garin nan zai yi sarauta. A gaishe min da Baba, da Anti Mairo da yara.

Na karanta takardarka a ɗakin cin abinci na makaranta, na yi dariya har Turawa suna waiwayowa. Daga baya kuma na koma ɗaki na sake karantawa ni kaɗai. Yaya, shekara guda ke nan ban ga fuskar Baba ba. In har yana zama kullum yana jin ina kusa da shi, don Allah me ya ɓaci? Ka bar tsoho da abin da ke sa shi farin ciki. Ba ƙarya muka yi masa ba, shi ya gina abinsa.

Kai ka ji daɗinka, kana tare da shi safe da yamma. Ba abin da aka ɗora maka sai ɗaukar batir. Ni kuwa sai injinan masaƙa da littattafai, ga dankalin da ba gishiri.

Na ga sababbin kaset a kanti, akwai na harbin jiragen sama, akwai wasu iri-iri. In na samu mai zuwa gida zan aiko, don kada ƙwallo ta gundure shi.

Ƙaninka,
Bature.


Unguwar Kanya.
6 ga Fabrairu, 1983.

Bature,

Muna lafiya. Baba lafiya, Inna ta yi ɗan zazzaɓi ta warke. An kai auduga kasuwa.

"Ba abin da aka ɗora maka sai ɗaukar batir." Na karanta layin nan har takardar ta fara yagewa a wurin ninki. To, madalla. Ashe gandun nan shi ke nome kansa. Ashe shanu su ke kai kansu rafi, rumbu kuma da kansa yake cika. Mu biyu muka zauna aji ɗaya a firamare ta Kafur duk da na girme ka, don sai da aka sa ka aka tuna da ni. Ka san wanda malam yake sa wa ya yi lissafi a allo. Da aka zo zaɓen mai wucewa gaba, aka ce babba ya riƙe gona. Ban yi musu ba. Amma kada wanda aka ɗauka a kafaɗa ya ce wa na ƙasa tafiya ba wuya.

Ga inda dariyarka ta kai mu. Baba ya gayyato Mai Unguwa da Liman da abokinsa Ɗanasabe, suka cika zaure don su ga yadda kake gaishe shi daga Ingila. Liman ya ɗan yi gyaran murya. Ɗanasabe kuwa har ɗaga wa talbijin hannu ya yi, ya ce, "Sannu da karatu, Bature!" Baba ya ce musu, "Ku duba yaron nan. Duk lokacin da na kira shi yana nan. Bai taɓa cewa ya gaji ba, bai taɓa cewa yana da aiki ba." Yana faɗin haka ina tsaye a bakin ƙofa, ƙafafuna duk ƙasar gona.

Abin da ya fi damunsa yanzu shi ne wai yana hana ka karatu. Jiya ya kashe da wuri, ya ce, "Je ka, Auta, kada malamanka su yi faɗa."

A gaban mutanen nan ya ce gonar bakin rafi taka ce, kyauta, in ka dawo ka sa rake ko abin da ka ga dama. Gonar da na cire wa ƙaya da kututture da hannuna, na kai mata taki a jaki shekara da shekaru. Ba zan ɓoye maka ba, ranar ban ci tuwo ba. Ina kishinka, Bature, kuma ban ga dalilin da zai sa in ji kunyar faɗa ba. Kana can kana barci, akwati yana tara maka albarka.

Labo.


Unguwar Kanya.
17 ga Afrilu, 1983.

Bature,

Ina fata kana lafiya, don shirunka ya yi yawa. Mu dai muna nan cikin zafi, ana sharar gona. Ban samu amsar takardata ba. Sai ga ƙunshin kaset ya iso ta Funtua, ko layi ɗaya babu a ciki. Na gane, fushi kake. Ba komai.

Amma ka tsaya ka ji abin da ƙunshinka ya haifar.

Na harbin jirage yara suka ɗauka. Akwai wani na shiga lungu-lungu ana gudun dodanni, Mairo ce gwanarsa, in ba kowa a zaure. Na ukun shi ne na dambe. Ko ka duba shi kafin ka saya? Mutum biyu ne a fili, ɗaya baƙi ɗaya fari, sandar Baba ke juya baƙin. Baba na gani ya ce, "Ga Auta nan, farin." Ka san shi da son kokawa tun yana saurayi, sai ya gyara zama yana murmushi, yana zaton za ka zo ka yi masa irin wasan da jika ke yi wa kaka.

Farin nan bai yi wata-wata ba, ya matso ya dunƙule hannu ya zabga masa a fuska. Ya ƙara. Ya bi shi har kusurwa yana ta kirɓa, akwatin yana ƙara kamar ana sussuka. Ɗanasabe yana wurin, da Mai Unguwa. Yara suka fashe da dariya, Inna ta leƙo ta kore su. Baba ya ajiye sanda a hankali, ya ce, "Ɗan da na haifa ne ya ɗaga min hannu a gaban mutane."

Na ce, "Baba, injin ne." Ya ce, "Da yana yi min biyayya ka ce injin ne don kada a yabe shi. Yau kuma mene ne naka a ciki?"

Na so in ɓoye kaset ɗin, ya hana. Kullum bayan la'asar shi yake sa a saka, wai sai ya ga ranar da za ka sauke hannu. Kullum kuma sai ka lakaɗa masa duka. Ya daina cewa Auta. Yanzu "wancan na Ingila" yake cewa. Ya ce boko ya cinye maka kunya, kuma in ba ka tuba ba kafin babbar Salla, zai tara mutanen da ya tara da farko ya janye maganar gona ya ba ni, ya kuma cire bakinsa daga kanka, ya daina sa maka albarka.

Ka san me? Daɗi na ji. Ranar da ya faɗa, na tafi bakin rafi na zagaya gonar nan ina duba inda zan sa rake. Shekaranjiya har ya miƙo min sauran furarsa, abin da bai taɓa yi ba. Ka ce in bar tsoho da abin da ya gina. To, na bar shi.

Labo.


Manchesta.
20 ga Mayu, 1983.

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaida kowa. Ba fushi nake ba, wallahi. Ciwon haƙarƙari ne ya kwantar da ni a asibiti, kaset ɗin ma wani ɗan ajinmu na roƙa ya sayo ya ba mai tafiya, ban ga abin da ya zaɓa ba. Da na fito na tarar da takardunka biyu a tare. Kada ka gaya wa Inna zancen asibiti, na warke.

Maganar batir kuskurena ne. So nake in ce ina sha'awar zamanka kusa da shi, sai alƙalami ya kai ni inda ban nufa ba. Na san a kan wuyan wa nake karatun nan. Ka yafe min.

Yaya, tun da na karanta ta biyun ban iya haɗiye abinci ba. Gona taka ce, ko Baba bai faɗa ba, ni na faɗa, kuma zan maimaita a gaban kowa. Amma bakin Baba fa? In ya cire bakinsa daga kaina, me zan yi da takardar shaidar da zan kawo?

Na fara rubuta masa gaskiya, sai na tuna ya riga ya tara Mai Unguwa da Liman ya nuna musu ni. In aka ce babu kowa a akwatin, ya zama abin dariya a garin da ake girmama shi. Na yaga. Ga abin da na sani: a bayan akwatin akwai ɗan maɓalli da ke rage wa injin ƙarfi. In bai yi ba, ka mayar da shi na mutum biyu ka bar sanda ta biyu a ajiye, farin zai tsaya cik, ba zai sake dukansa ba.

Ba ni da kowa a wannan magana sai kai. Zan nemi izini in zo gida da dogon hutu, ko da zai ja min maimaita shekara.

Ƙaninka mai neman afuwa,
Bature.


Unguwar Kanya.
10 ga Yuli, 1983.

Ƙanena Bature,

Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ban gaya wa Inna ba, amma ka riƙa sa rigar kirki. Damina ta zauna, mun gama noman farko, masara ta kai gwiwa.

Takardarka ta yi kwanaki a aljihuna ban yi komai a kai ba. Gaskiya ke nan. Ina so babbar Salla ta zo ta same mu a haka. Abin da ya karya ni ba roƙonka ba ne, Baba ne. Mutumin ya rame. Ya daina fita dandali, ya daina zuwa duba gona. In an kai masa tuwo sai ya ɗan taɓa ya ture. Rannan na same shi a zaure shi kaɗai, talbijin a kashe, yana kallon gilashin yana cewa, "Me na yi maka?" Furar da yake miƙo min ma na gane ba don ni ba ce, don ba ya iya shanyewa ne.

Na gwada maɓallin rage ƙarfi. Ko a haka sai da ka doke shi. Na mayar na mutum biyu na ajiye sanda. Farin ya tsaya kamar turke. Baba ya zagaya shi, ya taɓa shi, shiru. Sai ya ce, "Yau kuma gaba yake yi da ni. Ko motsi ba zai yi ba, balle gaisuwa." Abin ya fi na da muni.

Sai na koma wurin Ikechukwu. Da na gama ba shi labari bai yi dariya ba, ya ce, "Labo, tsohona ma yana can gida, na san abin." Ya ƙara wa sanda ta biyu waya mai tsawo. Mairo ta taya ni, muka bi da ita ƙarƙashin tabarma, ta gindin bango, har bayan zanar da ta raba zaure da turken awaki. Na huda zanar daidai ido ɗaya.

Ranar Juma'a bayan la'asar na kunna masa, na ce zan je duba shanu. Na zagaya na tsuguna cikin awaki, sanda a hannu. Ɗanasabe yana zaune kusa da shi.

Na matso da farin a hankali, hannuwa a sake. Da na zo gabansa sai na ja da baya, na sake matsowa, na sake ja da baya, yadda mutum ke yi in ya zo ba da haƙuri yana jin nauyi. Daga nan na kawo fuska daidai hannunsa na tsaya. Ɗanasabe ya ce wa Baba, "Shitu, ga shi ya kawo kansa. Rama!" Baba ya kai duka ɗaya, mara ƙarfi. Ban motsa ba. Na jira na biyu, bai zo ba. Sai na ga baƙin ya matso ya tsaya jikin farin, kafaɗa da kafaɗa, har lokacin wasan ya ƙare.

Na ji muryarsa ta canza. Ya ce, "Ya isa, ɗana. Na yafe maka duniya da lahira. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka biyayya." Ya yi ta faɗa yana maimaitawa. Bature, tsakanina da shi zana ce kawai. Ban taɓa jin muryar nan kusa haka ba. Akuya tana cin gefen rigata, ni kuwa hawaye ya hana ni ganin hudar.

A daren ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari. Ya aika wa Mai Unguwa cewa maganar gona tana nan yadda take tun farko, taka ce. Kada ka rubuto kana cewa ka bar min. Ba a gabanka aka ba ka ba, ba kuma a takarda za ka mayar ba.

Yanzu kullum haka muke yi. Mun koma ƙwallo, wani lokaci tseren mota, ina bari ya wuce ni a kwana. Yana ba ka labarin kokawar da ya yi a Musawa, da yadda ya sha wuya kafin a ba shi Inna, abubuwan da ban taɓa sani ba. Yana tsokanarka, yana dariya har da tari. Jiya da muka gama na zagayo ina kakkaɓe riga, ya dube ni ya ce, "Kai, kullum in Auta ya zo sai ka ɓace. Har yanzu kishinsa kake yi?"

Na ce, "I, Baba."

Ya girgiza kai ya ce Allah ya shirye ni.

Ka ce za ka nemi izini ka zo da dogon hutu. Kada ka zo. Ka zauna ka gama karatunka a tsanake, ko shekara nawa ya rage, ba mai korar ka. Gobe bayan la'asar zai sake kiran ɗansa, kuma ni zan amsa.

Yayanka,
Labo.